Gidan da Malam Ya Gina a Cikin Kwamfuta

Zuwa ga ƙanen mijina, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman daji? Direban kamfaninku ya ce har yanzu babu sabis a wajenku sai an hau dutse, shi ya sa na ɗauko biro kamar mutanen da. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da almakashi.

Tun rasuwar yayanka ban buɗe ɗakin karatunsa ba sai makon jiya. Komai yana nan yadda ya bari, tabaransa a kan takardun ɗalibai. Kwamfutar nan ma tana kan tebur, wadda ka haɗa wa yaronmu, ɗanka, da hannunka yana sakandare, wadda Malam ya ƙwace ranar rigimarsu ta ƙarshe. Kana wurin ai. Yaron ya ce ya bar jami'a, gem, wasan kwamfuta, zai koyi ƙerawa, uban ya ce in ya fita kada ya sake taka masa gida. Ya fita kuwa. Shekaru ke nan lambarsa ba ta shiga, har aka binne ubansa ba mu san inda za mu aika ba.

Ni a sanina makin ɗalibai Malam yake shigarwa a cikinta. Kullum bayan la'asar zai shiga ya turo ƙofa, in na leƙa ya ce, "Aiki nake yi." Sai na kunna ta don in ga ko akwai abin da makaranta za ta nema. Injiniya, babu maki ko ɗaya. Hoton wani ɗan gida ne kawai a tsakiyar allon. Na danna.

Gem ne. Malam ɗin da yake cewa gem sana'ar marasa aikin yi ce. Irin wanda ake gini da tubali, kana tuƙa wani ɗan mutum yana yawo. Kuma abin da ya gina gidanmu ne. Ga shagona na ɗinki a gaba, har da keken a gefen taga. Ga famfon tsakar gida. Ga bishiyar lemon da ya sare da kansa, a can tana nan da ganyenta.

Sai dai injin ba ya ja. Ɗan mutumin ya yi taku ɗaya ya cije, ya sake taku ya cije, kamar mai ciwon gwiwa, fankar ciki tana gurnani. Da ƙyar na lallaɓa shi zuwa tsakar gida. Ina juyawa sai na ga wani a tsaye a ƙofar ɗakin ɗanka, da baƙaƙen kaya, yana fuskantata. Nan take allon ya sandare, sannan ya mutu.

Na sake gwadawa washegari, da jibinsa. Duk lokacin da ya bayyana sai ta mutu. Ban gaya wa kowa ba, kada a ce kaɗaici ya taɓa ni. Kai ka haɗa ta, kai za ka san ciwonta. Ina so in ga ko wane ne.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya tsare.

Matar yayanka

*

Zuwa ga Uwargida sarautar mata,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai sauro da suka mai da ni abincinsu. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Na karanta na yi dariya, sannan na rasa inda dariyar ta shige. Yaya da gem! Mutumin da ya hana ni zuwa kallon ƙwallo har na yi gemu.

Ciwon kwamfutar ba na aljanu ba ne, tsufa ne. Akwai wani ɗan falle a cikinta da muke kira furosesa, shi ne ƙwaƙwalwarta. Wanda na sa mata tun wancan lokacin ya gaji. Su kuma masu gem kullum ƙara masa nauyi suke yi ta intanet, to a watannin da ɗakin yake rufe ya yi nauyin da tsohon ba zai iya ɗauka ba. An ɗora wa jaki kayan raƙumi. Na taɓa ce wa Yaya bari in canza masa, ya ce kada in kuskura in taɓa ta. A lokacin na ɗauka rowa ce.

Ga shi na ba direba sabo a cikin ƙaramin kwali, shi ne mafi ƙarfin da wannan tsohuwar kwamfutar za ta karɓa. Har da sukundireba da ɗan bututun mai. Kada ki kai wa yaran kasuwa, za su ce sai an goge komai. Ke za ki yi, mai zura zare a allura ba tabarau ba za ta kasa wannan ba.

Ki cire wayar wuta daga bango tukuna, ki taɓa ƙarfen taga da hannunki. Ki kwantar da akwatin ki buɗe murfin gefe. Za ki ga fanka a zaune kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Ki kwance kusoshinsa, ki murɗa shi a hankali ya saki. A ƙarƙashinsa furosesan yake, da ɗan maƙalli a gefe. Ki ɗaga maƙallin, ki ɗauke tsohon ta gefensa. Sabon yana da alamar zinariya a kusurwa ɗaya, ki daidaita ta da irinta a mazauninsa, ki sake shi ya zauna da kansa. Kada ki danna, Yaya, don Allah kada ki danna. Ƙafafunsa sun fi gashin jariri laushi, ɗaya ta lanƙwashe shi ke nan. Ki ɗiga man a kansa kamar ƙwayar wake, ki mayar da fanka.

Mai baƙaƙen kaya kuwa, gem da kansa yana zuba irinsu su yi ta yawo, 'yan kasuwa da masu gadi. Kada ki sa shi a ranki. Amma ki riƙa fita kina shan iska, kada ɗakin nan ya cinye ki.

Ƙaninki kuma mijinki na biyu in an yarda,
Injiniya

*

Injiniya,

Salama da gaisuwa. Miji na biyu ka ce? Ka fara biyan bashin gaisuwa tukuna.

Na yi aikin. Na rufe shago da hantsi, na shimfiɗa farin yadi a kan teburin yanka, na kwantar da ita kamar mara lafiya. Da na buɗe murfin ƙura ta taso, ƙamshin turarensa a cikinta. Duk shekarun nan fankar tana zuƙar iskar ɗakin tana ajiyewa. Na kwance fankar yadda ka ce, na ajiye ta gefe.

Tsohon ya fito ba gardama. Ɗan abu ne haka, bai kai faɗin kwalin ashana ba, man da ke kansa ya bushe ya zama gari. Na sa sabon ya zauna da kansa, ban danna ba. Na rufe, na kunna. Fitila ta kama, ta yi wani ƙara, ta mutu. Na ce shi ke nan, na kashe abin da ya rage min na mutumin nan. Na sake buɗewa ina hawaye, sai na ga siririyar wayar fanka tana reto. Ba ka ce in mayar da ita ba, Injiniyan banza. Na cusa ta a mazauninta, kwamfuta ta tashi shiru kamar ba ita ba.

Yanzu ɗan mutumin yana tafiya sumul. Na zaga gidan gaba ɗaya. Babu abin da ya manta, har tsagar da ke jikin bangon kicin. Ɗakinmu yana nan da gado, da kujerarsa. Na shiga ɗakin ɗanka. Ka san a nan gidan na cika shi da buhunan ƙyalle tun tuni. A can kuwa an gyara gado, an sa fitila, kuma an fasa bango an ƙara wani ɗan ɗaki a gefe wanda babu shi a gidanmu. Ƙaramin gado ne a ciki.

Ina tsaye ina kallo, la'asar ta yi sanyi, sai na ji taku a bayana. Yanzu har sauti tana fitarwa. Na juya. Shi ne. Bai yi yawo irin na masu gadin da ka faɗa ba. Kai tsaye ya zo gabana ya tsaya, ya sunkuya ya ɗago, ya sake sunkuyawa, kamar mai gaisuwa. Sannan ya ajiye tulin tubali a ƙafata ya ja da baya yana jira.

Na finciko wayar wuta daga bango.

Tun ranar nan gidan ya canza min. Ina ɗinki sai in ji kamar an turo ƙofar ɗakin karatu. In na wuce famfo sai in waiwaya wajen da lemon take. Wata mai kawo min ɗinki ta ce, "Hajiya, lafiya kike kallon bayana?" Na ce kwalar rigarta nake dubawa.

Na san mamaci ba ya dawowa, na yi karatu daidai gwargwado. Amma mutum ya yi shekaru yana gina wuri da hannunsa, kullum, a ɓoye. In akwai inda wani abu nasa zai maƙale, ba nan ba ne? Ka gaya min gaskiya, ko da zan ji tsoro.

Matar yayanka

*

Yaya,

Salama. A tsaye nake rubutun nan, direba yana ta danna min oda. Laifin wayar fanka nawa ne, na karɓa.

Ki saurare ni. Abin da gem ya ƙirƙira ba ya gaisuwa, ba ya kawo tubali ya jira. Wannan mutum ne. Kuma matattu ba sa buƙatar intanet. Ki cire shuɗiyar wayar intanet da ke bayan akwatin, ki shiga a lokacin da ya saba zuwa. In ya zo babu ita, ni da kaina zan ajiye aikin nan in zo mu nemi masu addu'a. In bai zo ba, ki mayar da ita washegari. Da ya bayyana ki danna babban maɓallin da ke hannun dama na kibod, wani ɗan akwatin rubutu zai buɗe a ƙasan allo. Da can tana mutuwa ne kafin ya buɗe.

Akwai abin da ya faɗo min a rai, amma ba zan rubuta ba, kada in ɗora ki a kan bishiyar da ba ta da reshe. Ki rubuto min da wannan direban.

Injiniya

*

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Ka nemi wuri ka zauna.

Na cire wayar, bai zo ba. Na zauna a gidan nan ni kaɗai har rana ta faɗi a cikin allon, ba motsin kowa. Wallahi rashin zuwansa ya fi zuwansa ban tsoro. Washegari na mayar. Ya zo. Na danna maɓallin, akwatin ya buɗe, rubutu ya fito.

"Baba, ka daɗe. Na ɗauka ka sake yin fushi."

Ɗanka ne, Injiniya. Yana raye.

Ban iya taɓa komai ba. Ya jira, sannan ya rubuta, "Ba komai, na san ba ka son rubutu. Mu ci gaba da rufin." Ya hau tsani, na bi shi. Ya miƙo tubali, na ɗora. Haka muka yi har magariba, ya ce sai gobe, ya ɓace.

Yau fiye da mako biyu ke nan kullum ina zuwa. Ba na cewa komai, shi yake magana, kamar mai yi wa kurma hira. A haka na tsinci labarin guntu guntu. Gidan nan shi ya fara shi tun yana nan, tushe kawai ya sa. Uban ya tarar da shi bayan tafiyarsa, ya yi ta fama shi kaɗai har ya koyi ɗora tubali. Wata rana yaron ya leƙo daga can inda yake, ya ga an tada bango. Tun daga nan suke haɗuwa. Bai faɗi garin da yake ba, ni kuma ba halin tambaya. Yana aiki, yana zana gidaje da itatuwa ga masu yin gem. Ya yi aure. Ƙaramin gadon nan na 'yarsa ne, ta fara tafiya. Ina da jika, ƙanena, kuma sunana aka sa mata.

Shekaranjiya ya rubuta, "Baba, ka gaya wa Umma kuwa? Kullum sai ka ce sai ka shirya. Ni na ce ba zan shigo ba sai ka janye maganarka a gabanta, tunda a gabanta ka yi. Har yanzu nauyin bakin ne?"

Na tashi na shiga ɗakinmu, na tsaya a gaban rigunan yayanka, na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa yana raye ba. Ina kwana ina kuka a gefensa a kan yaron nan, shi kuwa ya san yana lafiya, yana ganinsa kullum, bango ɗaya tsakaninmu. Don kawai kada a ce Malam ya lashe amansa. Allah ya yafe masa, ni ma zan yafe, amma ba yau ba.

Na san abin da za ka ce. Ba zan iya ba. Ubansa yake zuwa gani. In na ce masa babu uban, kuma an binne shi ba ya nan, me zai sake kawo shi? Yanzu ko ba komai ina ganinsa yana hawa tsani. Jiya ya faɗo daga kan rufi, na yi salati da ƙarfi har maƙwabciya ta leƙo.

Ka bar ni haka na ɗan lokaci.

Matar yayanka

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Na yi sujada a kan tsakuwa da na karanta. Alhamdulillahi. Na fita bayan janareta na yi kukana inda ba mai ji.

Yau babu wasa a bakina. Ke kika raine ni tun ina ɗan makaranta a gidanku, ban taɓa ɗaga miki murya ba, kuma ba zan fara ba. Amma abin da kike yi ba zai ɗore ba. Da kina tsoron fatalwa a gidan nan. Yanzu ke ce ita. Kin sa rigar mamaci kina yawo a gaban ɗansa, shi kuma yana yi wa kabari hira bai sani ba.

Yana da haƙƙin ya yi wa ubansa addu'a. Kowace rana kika ƙara, ranar da zai ji sai ta fi ɗaci, kuma wannan karon ba Yaya zai riƙe a zuciya ba. Yaya ya yi ta cewa sai ya shirya har aka zo aka ɗauke shi. Kada ki gaji wannan a cikin kayansa.

Ba zan yi miki alkawarin zai dawo ba, jininmu ne, kin san taurin kanmu. Na nemi hutu, in an ba ni zan zo in zauna kusa da ke ki rubuta. Amma in kin iya kafin nan, kada ki jira ni.

Ƙaninki

*

Ƙanena,

Salama. Na faɗa masa.

Da yatsa ɗaya na rubuta, ina neman haruffa. Na ce, "Ba Baba ba ne. Ummanka ce. Allah ya yi wa Baba rasuwa watannin baya, zuciya ce, bai sha wahala ba. Mun neme ka ba mu samu ba. Ka yafe min shirun da na yi."

Yana kan tsani a lokacin. Bai sauko ba. Aka fara ruwa a cikin gem ɗin, yana tsaye ruwan yana sauka a kansa. Na rubuta masa cewa ƙofa a buɗe take. Na rubuta lambata. Ban san ko ya gani ba. Can sai wurin ya zama babu kowa, tsani kawai.

Bai sake zuwa ba. Ina shiga kullum bayan la'asar in zauna a ɗakin jikata. Rufin saura kaɗan, ban taɓa shi ba. Wayata tana cikin aljihuna ko wanka zan shiga.

Ba na ganin laifinka. Ka zo in an ba ka hutun.

Matar yayanka

*

Umma,

Assalamu alaikum. Na durƙusa na gaishe ki. Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, in na ji ta fara shiga sai in kashe. Muryata ba za ta fita ba, shi ya sa na rubuto.

Ba ki da abin neman yafiya. Na sani tun ranar da kika biyo ni kan tsani. Mutumin Baba ɗingishi yake yi, saboda tsohon injin. Shekara da shekaru da wannan ɗingishin nake gane shi tun daga nesa. Ranar nan na ga yana tafiya garau, na ce wa matata, "Wani abu ya sami Baba." Kuma wanda bai iya gem ba amma ya san hanyar kicin ba ya laluba, ai mutum ɗaya ce. Duk abin da na rubuta daga ranar, ke nake gaya wa. Na ci gaba da cewa Baba ne don kada ki tabbatar min.

Muna tafe ƙarshen wata, mu uku. Ki ce wa Baffa ya zo, shi zai raka ni maƙabarta, ba zan iya zuwa ni kaɗai ba. Kada ki wahalar da kanki da kwashe ɗakina, ko a shago ma kwana.

Takwararki tana tsoron baƙi. In ta ƙi zuwa wajenki da farko, kada ki ji haushi.

Ɗanki